Lauratu Ta Tare a Soba

Tun da hantsi Lauratu ta kasa zama wuri ɗaya. Ta buɗe famfo ta rufe ya fi sau goma, don kawai ta ji ƙarar ruwan gidanta. Ɗaki biyu ne da tsakar gida a Soba, kusa da asibitin da take aikin jinya, amma kai ka ce fada ta gina. Shekarunta talatin da bakwai, ba miji, kuma ko a jikinta.

Yau ne karama, walimar shiga sabon gida. An yanka rago, abokan aiki sun cika runfa, ana ta mabruk, wato barka da arziki. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: mahaifiyarta Hajo ta rantse ba za ta tako daga Omdurman ba, wai gidan da babu takalmin namiji a ƙofarsa ba gida ba ne. In kuwa ba ta zo ba, babu matar da za ta yi guɗa a gidan.

Gogo Fatna, ƙanwar mahaifin Lauratu, ita kam ta zo da wuri, ta duba banɗaki, ta ƙwanƙwasa bango, sannan ta lissafo mata zawarawa uku, har da wani mai gareji a unguwar Alshajara da haƙora huɗu suka rage masa. Lauratu ta yi dariya ta ƙara mata nama.

Ana kiran azahar sai ga motar haya a ƙofa. Hajo ce ta fito, fuska a murtuke, da wani dogon ƙunshi a hammata. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta zaga ɗakunan, ta leƙa madafa, ta dawo tsakar gida ta kwance ƙunshin. Jar tabarmar amare ce, wadda ta saƙa da hannunta tun Lauratu tana 'yar makaranta.

"Haba Yaya, wannan ai ta ranar aure ce," in ji Gogo Fatna.

"Ta ranar da 'yata za ta shiga ɗakinta ce," in ji Hajo. "To, halas, magana ta ƙare, ta shiga. Lauratu, zo ki zauna."

Lauratu ta zauna a kan tabarmar. Hajo ta gyara mayafi, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗar da ta yi shekara ashirin tana riƙe da ita.