Jan Layin Baba Yelwa

Malam Sadisu yana tsakiyar shafa farar ƙasa a bangon shagonsa lokacin da farar motar ta sake shigowa unguwar. Bai ajiye buroshin ba. Ya dai juyo ya bi ta da kallo har ta tsaya a ƙofar gidan hayar su Ikilima.

"Ga su nan kuma," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Sun zo duba ɗan leƙen asirinsu."

Ikilima tana rumfarta ta ƙofar gida tana markaɗa wake. Ta kashe injin. A bangon da ke bayanta, daidai gwiwarta da ɗan ɗoriya, akwai wani jan layi mai kaurin yatsa. Irinsa ne Malam Sadisu yake rufewa a nasa bangon, irinsa ne kuma a kusan kowane gida daga bakin kwalbati har masallaci.

Baba Yelwa ne ya ja su, maƙwabcinta da bango ɗaya ya raba ɗakunansu. Ma'aikaci ne a wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aiki kan sauyin yanayi. A ƙarshen daminar bara ya bi gida gida da gwangwanin fenti, yana cewa nan ne ruwa zai kawo idan aka yi babbar ambaliya, kowa ya ɗaga kayansa sama da nan. Amma a Karmo kowa ya san abin da jan fenti a bango yake nufi. Ikilima ta fi kowa sani. A unguwar da suka baro, sai da jan fenti ya fara zuwa, sannan katafila ta biyo baya. Tana goye da Nabilah ta tsaya ta ga an tura ɗakinta kamar kwali.

Wata mata ta fito daga motar da kular abinci a hannu. Madam Cynthia ce, shugabar su Baba Yelwa a ofis.

"Sannu da aiki, Maman Nabilah. Baba fa, jikinsa ya yi sauƙi?"

"Da sauƙi," Ikilima ta ce, ba ta ɗago ba.

Babu wani sauƙi. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi tun bayan sallah, ƙafafunsa sun kumbura, asibiti kuma sun sallamo shi ya koma gida. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa yana can Kontagora. Maza sun daina shiga gaishe shi. Ikilima ce kawai take kai masa kunu, ita ma ba ta tabbata ko tausayi ne yake kai ta ba, ko son jin abin da yake ɓoyewa.

Mijinta Nababa, wanda yake aikin gini, ya riga ya yanke tasa shawarar. Tun da safe ya faɗa mata yana ɗaura igiyar takalmi.

"Kafin ruwa ya sauka sosai za mu kwance injin nan mu kai gidan yayarki a Sheda. Ba zan tsaya su niƙe shi da rumfar ba."

"Baban Nabilah, a Sheda wa zai kawo mini markaɗe? Masu awarar nan duk ni suka sani. Shi Baba cewa ya yi a ɗaga shi kan bulo kawai."

"In ɗaure shi da siminti don katafila ta same shi a zaune? Ke dai kin cika yarda da mutane."

Ba yarda ta yi ba. Shi ya sa yanzu ta wanke hannu, ta zuba kunu a kofi, ta bi bayan Madam Cynthia.

Ɗakin yana warin magani da man zafi. Takalman ruwan Baba suna tsaye a bakin ƙofa, da busasshen taɓo a jikinsu. Baba Yelwa yana jingine da filo, Madam Cynthia tana zaune a ƙasa kan tabarma, abin da Ikilima ba ta taɓa zaton oga za ta yi ba.

"Shigo, 'yata," ya ce. "Kin ga wannan? Ranar da ta fara zuwa mana hidimar ƙasa, da takalmi mai tsini ta shiga fadama. Ni na ciro ta."

"Baba, ba za ka manta wannan magana ba?"

"Ina zan manta? Yau ga shi ke kike sa hannu in zan tafi hutu."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ikilima ta miƙa masa kofin. Da ya samu numfashi sai ya ci gaba, kamar ya daɗe yana jiran mai saurare. Da ban ruwa ya fara, in ji shi, a wajen renon itatuwan ƙungiyar a Sheda. Daga nan ya zama mai rakiyar masu awo, yana riƙe musu sanda a bakin rafi. Da suka ga manoma sun fi sakin jiki da shi, sai suka mai da shi jami'in fili. Sau da yawa an so a ba shi tebur a ofishin Wuse, ya ƙi.

"Sanyin na'urar ofis yana sa ni mura. Yaran da na koya wa aiki duk sun wuce. Ɗayansu ma, Al-Amin, an ɗauke shi ƙasar waje. Ni dai ƙafata ba ta bar taɓo ba."

Ikilima tana kallon bakinsa. Maganar ta yi daɗi da yawa. Wanda ya zo musu da fenti a tsohuwar unguwarsu ma mai fara'a ne, har ruwa ta ba shi ya sha.

"Baba," ta ce, "don girman Allah zan tambaye ka. Kana kwance, ba ka san gobe ba. Layin nan na rusau ne?"

Baba Yelwa ya dube ta.

"Na ruwa ne, 'yata."

"To me ya sa ja?"

"Shuɗi aka ba ni a ofis. Na shafa a wata unguwa, ba wanda ya kula, har shanya suke yi a kai. Na ce bari in sa wanda zai ba mutane tsoro." Ya lumshe ido. "Sun kuwa ji tsoron. Ba dai na ruwa ba."

Ikilima ta juya wajen Madam Cynthia. "Ke fa, Madam? Na ga kuna ɗaukar hoton gidajenmu. Ina hotunan suke zuwa?"

Madam Cynthia ta gyara zama. "Mun yi taswira na wurin da ruwa yake ci. Mun kai wa hukuma don su buɗe magudana."

"Kun kai wa hukuma."

"Eh."

"In suka ga taswirar suka ce gidajen ne suka tare ruwan fa?"

"Ba zan yi miki rantsuwa a kan abin da ba hannuna yake ba," Madam Cynthia ta ce. "Mu ba mu ce a rushe ba. Abin da na sani ke nan."

Ikilima ta ɗauki kofinta ta fito. Ta shiga da tambaya ɗaya, ta fito da biyu. A ƙofar gida Malam Sadisu yana jiranta da bokitin farar ƙasa.

"Maman Nabilah, saura naki. In shafe miki?"

"Bari tukuna, Malam."

"Tukuna? Me suka ba ki a ciki?"

"Ba su ba ni komai ba."

"Haka kowa yake cewa," ya ce, ya kwashi bokitinsa. Kafin la'asar magana ta zaga cewa an yi wa matar Nababa alkawarin ɗaki a wani wuri. Masu awara biyu suka kai wakensu wani injin.

Baba Yelwa ya ƙara kwanaki kaɗan. Maganarsa ta ragu. Wata safiya da ta kai masa kunu ya kama gefen mayafinta.

"An ɗaga injin?"

"Ba a ɗaga ba, Baba."

"Iskar nan ta canja. A sa bulo ya wuce layin. Kada a tsaya daidai da shi."

Ta tsaya tana kallonsa. Mutumin da yake ganin kabarinsa, me zai ci da injinta? Amma kuma ta tuna yana iya zama shi ma ruɗarsa aka yi, aka ba shi sanda da fenti, masu katafila suna bayansa bai sani ba.

Ranar Alhamis da hantsi, tana tsakar markaɗe, ta lura ba ta ji tarinsa ba tun asuba. Ta kashe injin ta leƙa. Yana kwance ta gefen dama, hannunsa ɗaya a ƙarƙashin kunci, kunun jiya yana nan ya yi fata a kofi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce a hankali. Sannan ta fita ta kira maza.

Suka zo, don gawa ba a barinta. Malam Sadisu da kansa ya kawo likkafani daga shagonsa. Amma lokacin da ake wanka, Ikilima ta gan shi yana ɗaga katifar mamacin, yana leƙa bayan ƙofa. Bai samu komai ba sai wani gwangwanin shuɗin fenti da ya rage, ko buɗe shi ba a yi ba. Ya juya shi a hannu, ya mayar.

Farar motar ta iso ana shirin ɗaukar makara. Madam Cynthia ta fito da mayafi a ka, idanunta jawur, tare da wasu samari na ofishin.

"A sa shi a mota mana," ɗaya daga cikinsu ya ce. "Maƙabarta da nisa."

"Mu za mu ɗauki abinmu," Malam Sadisu ya ce. "Motar ta tsaya nan. Kuma kada in ga an ɗaga waya ana hoto."

Suka ɗauke shi a kafaɗa. Nababa yana gaba ta hannun dama. Suka bi ta hanyar da aka shafe bangwayenta fari tas, sai bangon Ikilima kaɗai da jan layinsa.

Madam Cynthia ta zauna tare da mata a tsakar gida. Ikilima ta matso kusa da ita.

"Wa zai karɓi aikinsa?"

"Babu kowa. Aikin Karmo ya ƙare wannan wata. Ni ma an mayar da ni wata jiha." Ta share ido da bayan hannu. "Tun bara ya kamata ya huta. Ya ce sai ya ga damina ɗaya tare da layin."

"To in katafila ta zo, wa zan tambaya?"

Madam Cynthia ta dai riƙe hannun Ikilima, Ikilima ta bar mata hannun, amma ba ta riƙe nata ba.

Da yamma Nababa ya dawo da jar ƙasar maƙabarta a ƙafafun wandonsa. Ya tsaya a rumfar yana duban injin.

"Na yi magana da mai a-kori-kura. Asabar zai zo."

"Ba za a kai shi Sheda ba, Baban Nabilah."

"Kin yarda da su ke nan?"

"Ban yarda da su ba. Amma har ranar da bakinsa ya kusa rufewa, injina yake tambaya. In katafila ce ta zo, na ɗauka. In ruwa ne, ba na so a ce an faɗa mini na ƙi."

Nababa ya shige ciki.

Washegari bayan an sauko daga Juma'a hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin. Ikilima tana kwashe shanya ta ji ƙarar baro. Nababa ne ya turo bulo da rabin buhun siminti. Malam Sadisu yana ƙofar shagonsa, hannuwa a baya.

"Nababa, gini ake a gidan da za a rushe?"

"Zo ka kama mini injin, Malam, in ya so ka yi surutun daga baya."

Malam Sadisu ya naɗe hannun riga ya zo, yana cewa shi dai ya faɗi tasa. Suka ɗaga injin suka ajiye gefe. Nababa ya fara jera bulo, yana ɗora ma'auninsa a bango. Da ya zo daidai layin ya tsaya ya dubi matarsa.

"Ƙara ɗaya," ta ce.

Ya ƙara.

Ruwan ya sauko suna cikin rufe aikin da leda. Suka fake a rumfar su uku. Kwalbati ya cika, jan ruwa ya fara gangarowa ta tsakiyar hanya ɗauke da robobi, bai ko kai idon sawu ba tukuna. A bakin ƙofar Baba Yelwa takalman ruwansa suna tsaye inda ya bar su, ruwan indararo yana zuba a ciki.

Ikilima ta dubi tsallaken hanya. Farar ƙasar bangon shagon Malam Sadisu tana narkewa tana zirarowa ƙasa, jan layin yana fitowa a hankali daga ƙarƙashinta.