Yaran Runka Ba Sa Cikin Takarda

Malam Hashimu, mai rabon abinci a cibiyar kula da yara masu tamowa, ya bi takardar sunaye da yatsa har ƙasa, ya sake komawa sama, sannan ya miƙa wa yarinyar katinta.

"Babu shi, 'yata. Ni kuwa sai wanda na gani a nan nake ba."

Yarinyar ba ta karɓa ba. Sunanta Kande, shekarunta goma sha ɗaya, tana goye da ƙaninta Jinjiri. Daga wani ƙauye na bayan Runka suka zo. Bana ba su yi noma ba, domin gonarsu tana bakin daji, inda 'yan bindiga suka hana kowa zuwa. Ba gero, ba akuya, uwarsu kuma tana kwance. Abin da ke riƙe da Jinjiri shi ne abincin tamowa da ake ba shi duk Talata a wannan cibiya ta Safana. Motar ƙarshe mai komawa Runka kuwa da an sallame azahar take tashi, bayan nan ba mai bin hanyar.

Larai, mai kula da bayanan cibiyar, ta jiyo su ta taga. Ta fito ta karɓi katin, ta ga a watan Nuwamba aka yi wa yaron rajista. Ta taɓa damtsensa, ta ji duk ƙashi ne.

Wata uku da suka wuce, da aka katse sabis ɗin waya a yankin, ita ce ta sauko da aikin daga sabar, wato babbar kwamfutar ƙungiyar agajinsu da ke Katsina, zuwa wata ƙarama a ofishinta. Aikin ba boyayye ba ne: ya ɗauko awon kowane yaro daga rumbun bayanan mazaɓarsa, ya tantance masu buƙata, ya fitar da takarda. Da sabis ya dawo, ta kai bayanan sababbin rumbuna a Katsina, jiya kuma ta mayar da aikin can. Takardar yau ita ce ta farko tun bayan mayarwar.

"Malama Larai, ki rubuta shi da biro kawai, in ba shi su tafi," in ji Hashimu.

"Baba, idan ɗaya ya ɓace, ba shi kaɗai ba ne. Ba ni minti ashirin. Kande, biyo ni, kada rana ta dake shi."

Ta zaunar da su a benci, ta buɗe littafinta. Kowace mahaɗa, wato hanyar da aikin ke bi ya isa rumbu, tana da layinta: tsohon adireshi, sabon adireshi, sai ranar bayani na ƙarshe. Duk ta cike su, ban da gurbi ɗaya a layin Runka. A nan wuta ta ɗauke jiya, ta ce za ta dawo kansa, ba ta dawo ba.

Ta buɗe mahaɗar Runka. Bayani na ƙarshe na ranar da aka katse sabis ne. Aikin ya koma sabon wuri, amma yana ɗebo sunaye daga tsohon rumbu, inda babu duk yaron da aka yi wa rajista bayan ranar.

Kalmar sirrin sabon rumbun tana hannun Sada, mai kula da sabar a Katsina. Sai a kira na uku ya ɗauka.

"Hajiyar ƙauye! Kun samu sabis, kun hana mu shan shayi."

"Oga Sada, ajiye kofin. Mahaɗar Runka tana kallon tsohon rumbu."

"Haba! Jiya da na gwada mahaɗun duk kore suka nuna, alamar lafiya."

"Kore ta nuna saboda ƙofa ta buɗe. Ba ta ce maka ɗakin da muka tashi daga ciki ne ba. Laifina ne, ban duba kwanan wata ba."

"To, in karanto miki kalmar?"

"A waya, ga mutane cike da taga? Ni zan sauya adireshi, kai ka shigar da ita daga nan."

Sabis ya ɗauke. Ta fita ta tsaya gindin dalbejiya, waya a sama, har ya dawo. Ta koma ta sauya adireshin, Sada ya shigar da kalmar, ta duba. Bayani na ƙarshe ya zama na Talatar da ta wuce.

Hashimu ya leƙo. "An kusa kiran salla fa."

"Na sani, Baba."

Duk da haka ba ta buga takardar ba sai da ta sake bin sauran mahaɗun ɗaya bayan ɗaya, tana kallon kwanan wata, tana gwada shi da na littafi. Da ta gama, ta juya kwamfutar wajen Kande.

"Kin iya karatu?"

"Kaɗan, Anti. Aji uku na tsaya."

"Wannan fa?"

Kande ta matso, ta haɗa haruffan a hankali. "Jin-ji-ri."

"Yana nan tun ranar da kika fara kawo shi. Injin ne na aika wani gida daban ya tambayo."

Sabuwar takarda ta fito da ƙarin sunaye talatin da bakwai. Hashimu ya karanta, fuskarsa ta sauya.

"Innalillahi. Mata huɗu na mayar da safe. Duk ga sunayen yaransu nan."

Ya zuba wa Kande nata a leda, ya damƙa wa Larai makullin ɗakin ajiya, ya ɗaure kwali guda na abincin a bayan babur ya nufi tasha, ko hularsa bai ɗauka ba.

Larai ta yage bakin ƙunshi ɗaya ta ba Jinjiri, ta gyara wa Kande goyon, ta raka ta bakin titi ta tsayar mata da ɗan acaba. A tasha suka tarar da Hashimu a jikin motar Runka yana kiran sunaye, mata suna saukowa.

Kande ba ta san mene ne sabar ba, ba ta kuma riƙe kalmar mahaɗa ba. Abin da ta gane shi ne, takarda ta ce babu ƙaninta, wata mata ta dube shi, ta ce takardar ce za a gyara.