Ranar da Motar Na'Allah Ta Ja Saniyar Inna Atu

Shekara ashirin da biyu na yi ina yi wa mahautan Kebbe yanka. Sunana Ɗanmaliki, mutane suna sa mini malam a gaba, ko da yake karatun nawa bai taka kara ya karya ba. A wajenmu mahauci ba ya yanka da hannunsa. Mai ɗan karatu ake kira ya sa wuƙa, a ba shi wuya ya kai gida. Aikin ke nan, ban kuma taɓa jin kunyarsa ba.

Akwai wani sashe na aikin da ba kowa ke sonsa ba. In dabba ta faɗa rijiya, ko ta ci abin da ya kumbura ta, ko taɓo ya riƙe ta, ni ake kira in tsaya a kanta. In ta tashi, in mai da wuƙata kube. In rai zai fita, in riga shi. Wanda ya makara da numfashi ɗaya ya bar mai dabba da mushe, ba nama, ba komai, sai aikin ja a kai wa angulu. Ni ban taɓa makara ba, da wannan kuwa nake taƙama har a gaban mutanen da ba su tambaye ni ba.

Lokacin Turawa suna nan, an gama yaƙin duniya, wanda muke ce wa yaƙin Bama, da 'yan shekaru. Wani attajiri a Tambuwal ya sayi tsohuwar motar soja a gwanjo, ya damƙa ta hannun Na'Allah, wanda shi ma tsohon soja ne, can ya koyi tuƙi. Motar gajera ce, mai buɗaɗɗen baya, tayoyinta sun kai ƙugun mutum, kuma duka huɗun ke ja. A gabanta akwai wata gangar ƙarfe da igiyar waya ta naɗe, da ƙugiya a bakin igiyar. In inji ya juya gangar, abin da ƙugiyar ta kama sai ya taho, ko yana so ko ba ya so. Da kaka tana kwasar gyaɗa da auduga, ta dawo mana da gishiri da kananzir. Da damina kuwa aikinta jan manyan motocin da suka kafe a hanyar Dogon Daji. Na'Allah mutum ne marar yawan magana, mai ɗan ɗingishi, wanda in ka gaishe shi sai ya duba tayarsa kafin ya amsa. Ban ƙi shi ba, amma ban ga abin da ya sa ake tsayawa kallon mutum don kawai yana zaune yana murɗa ƙarfe ba.

Ruwa ya ɗauke bai fi kwana goma ba, ranar wata Laraba da hantsi, aka aiko mini in zo mashayar tsamiya da wuƙa. Mashayar tana gefen hanyar da ta fito daga Tambuwal. In ruwa ya fara ja da baya, samanta yakan bushe ya yi ɓawo, ƙasa kuwa taɓo ne mai zurfi. Na isa na tarar da saniyar Inna Atu ta nutse har ƙirji.

Inna Atu tsohuwa ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta ba wanda ya rayu. Saniyar nan fara ce, bokolo, irin masu ɗan ƙaho kamar babban yatsa, kuma jikar jikar karsanar da mahaifin Inna Atu ya ba ta ranar da aka kai ta ɗaki. Cutar bushiya ta kwashe sauran shanun. Saniyar nan ce nononta, ita ce takin gonarta, ga ta da tsohon ciki. Kowa a wurin ya san in saniyar nan ta tafi, Inna Atu ba ta da wata.

Maza sun fi ashirin a kan igiya. Da yake bokolo ba ta da ƙahon da za a ɗaura, a wuya suka sa, suna ja suna waƙar gayya. Duk fizgar da suka yi sai harshen saniyar ya fito, ita kuwa ko motsi. Sarkin Fawa yana gefe yana ta shafa gemu, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Muna cikin haka muka ji rurin mota. Na'Allah ne, ya ɗauko siminti na rijiyar da hukumar En'e ke gina mana. Ya tsaya, ya sauko, ya yi ta kallo har na zaci wucewa zai yi.

"Ku kwance igiyag ga," in ji shi. "Wa ka jan mai rai ga wuya? Ko mota ba a jan ta ga hanci."

Suka kwance, don dai sun gaji. Ya juya motar ta fuskanci saniyar, ya tsayar da ita a kan tudu, ya sa aka tare tayoyin da kututture. Ya cire katakan gefen motar ya shimfiɗa a kan taɓon, aka sami wurin takawa. Ya sa mutane suka tona gefen ƙafafun saniyar da hannu da fartanya, ana zuba ruwa a ramin don taɓon ya saki. Sa'an nan ya kwance tamfol ɗin da ya rufe simintinsa, ya ninka shi ya yi faɗin kamu biyu, shi da kansa ya shiga taɓon har wuya ya zura shi ƙarƙashin ƙirjinta, bayan ƙafafun gaba. Wannan aiki ya kai mu har bayan azahar. A gaskiya ban taɓa ganin mutum ya yi wa dabbar da ba tasa ba irin wannan wahala ba.

Saniyar kuwa ta galabaita. Sarkin Fawa ya matsa kusa da Inna Atu.

"Inna, ki bari a yanka tun da sauran rai. Da babu gara ba daɗi. In injin ga ya fizge ta ta mace, kin yi biyu babu."

Inna Atu ta dubi Na'Allah. "Ɗana, tana fita?"

"In Allah ya so tana fita, Inna. Ba fizga nika yi ba. Sannu sannu nika ja."

Inna Atu ta murɗa bakin zanenta. Can ta ce, "A ja ta." Sai ta juyo gare ni. "Amma Malam, ka tsaya bisa kanta. Don Allah kada ka bar ni da mushe."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Zan hau katakon ke nan, Na'Allah ya riƙo hannun rigata.

"Malam, ji nan. In igiya ta ɗauka, tamfol na matse mata ƙirji. Za ta miƙe wuya, ta kaɗa ido, ta yi tsit kamar ta tafi. Kada ka taɓa ta. Na ga alfadarai sun yi hakanga a Bama, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Da taɓo ya saki suka komo."

Na fizge rigata. Mutane suna ji, ni kuma ba na son a koya mini aikina a gaban mahauta.

"Alfadari ba a cin shi," na ce. "In ya mutu ya mutu, ba a yi asarar nama ba. Kai ka san mota, ni na san rai."

Aka yi dariya. Na'Allah ya ɗingisa ya koma motarsa.

Na durƙusa a kan katako daidai kan saniyar, wuƙa a hannun dama, hagu a haɓarta, na karkata fuskarta gabas. Inji ya tashi. Igiyar waya ta ɗago daga ƙasa, taɓo na ɗiga daga jikinta, ta miƙe sambal. Ba fizga, kamar yadda ya faɗa. Sai ka zuba ido sosai kafin ka ga gangar na juyawa. Tamfol ya shige cikin naman saniyar, ta yi wani nishi mai tsawo. Kafaɗunta suka fara fitowa, kaɗan kaɗan.

Daga nan ta miƙe wuya. Idonta ya juye, sai fari. Numfashin da nake ji a bayan hannuna ya ɗauke.

Shekara ashirin da biyu, duk dabbar da ta yi mini haka tafiya take yi. Na tuna maganar Na'Allah, ba zan ce na manta ba. Amma Sarkin Fawa yana bayana yana ihu, "Malam! Za ta tafi! Malam, sa wuƙa!" Wasu suka kama masa. Na ɗaga kai na ga Inna Atu ta ɗora hannu biyu a ka. Abin da ya zo mini a rai shi ne gobe a kasuwa a ce Ɗanmaliki ya tsaya da wuƙa a hannu yana sauraron direba har saniyar tsohuwa ta zama mushe. Na yi bisimilla na yanka.

Wuƙar ba ta gama fita ba taɓon ya saki da wata ƙara, saniyar ta sulmiyo kan katakai, ƙafafu huɗu lafiya lau, ba karaya ko ɗaya. Jini ya yi tsartuwa har ƙirjina. Ta yi shuri da ƙarfin da ya tsaga katako guda, ta jefa wani ƙato cikin taɓo.

"Alhamdu lillahi!" in ji Sarkin Fawa. "Ku dubi jini, ku dubi shuri. Ta halatta! Malam ya riga ta."

Haka ne, jinin da ya yi tsartuwa da shuri mai ƙarfi su ne shaidar an yanka da rai. Ni na koya wa mahautan haka. Amma na yanka dabbobi masu barin duniya fiye da yadda zan iya tunawa, na san yadda jininsu ke zuwa, a hankali, baƙi, kamar ba ya so. Wannan jinin na lafiyayya ne. Na tsaya da wuƙa a hannu ina karɓar sannu da aiki.

Na'Allah ya kashe inji ya sauko. Ya cire ƙugiyarsa, ya zare tamfol ɗin da ya jiƙe da jini, ya ninka. Da zai wuce ta gabana ya ce, ba da ƙarfi ba, "Saura taki guda, Malam." Ya kwashe katakansa ya tafi kai siminti.

Da aka feɗe aka sami 'yar maraƙa a ciki, mace, fara, har gashi ya fito. Inna Atu ta dube ta ta kau da kai. Sa'an nan ta zo har inda nake wanke hannu ta durƙusa. "Allah shi saka maka, Malam. Ka fid da ni kunya." Da la'asar ta aiko mini da wuya. Ni'imatu, matata, ta yi farfesu da shi. Na ci, don ba a zubar da halal, amma ban ƙara ba.

Mako uku na yi ina gaya wa kaina daidai na yi. Wa ya san gaibu? Wataƙila da na jira da ta mace. Har na fara yarda, sai bajimin Jumare ya kafe a mashayar nan, wuri ɗaya, bai fi taki biyar da inda saniyar ta nutse ba. Jumare mai garke ne, shanunsa sun fi hamsin, shi ya tura mai doki Tambuwal aka zo da Na'Allah. Aka aiko mini ni ma, na zo.

Aka yi duk abin da aka yi wancan karo, katakai, tono, ruwa, tamfol. Na durƙusa a kan bajimin. Igiya ta ɗauka. Ya miƙe wuya, ido ya juye, numfashi ya ɗauke. Sarkin Fawa ya fara ihunsa. Na mai da wuƙar kube, na danne kuben da gwiwa, na kama karanta Ƙulhuwallahu. Na karanta ƙafa uku, ina cikin ta huɗu taɓon ya saki. Bajimin ya kwanta a kan katakai kamar buhu. Can ya ja wani numfashi, ya yi atishawa, taɓo ya fito masa ta hanci. Aka kama wutsiya aka ɗaga, ya miƙe yana rawar ƙafa, ya kaɗa kai, ya nufi garke.

Wuri ya ɗauki sowa, mata na guɗa, ana ta ɗaga hannun Na'Allah. Ni na sauko daga katakon na koma gefe in wanke ƙafa. A nan na tarar da Inna Atu tsaye, tulunta cike a ƙasa. Ruwa ta zo ɗiba, ta tsaya ta ga komai tun daga farko.

"Malam," ta ce, "tawa ma haka ta miƙe wuya."

"Haka ta yi, Inna."

"Haka kuma ta kaɗa ido."

"Haka."

Ta daɗe tana kallon bajimin yana tafiya. Na jira ta zage ni, wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai ta ce, "To. Aza mini tulun ga."

Ta ɗora gammo a ka, na sunkuya na ɗaga tulun. Da zan aza ne na lura gammon ba tsumma ba ne. Igiyar ɗaure saniyar ce ta naɗe.