Sanda Mai Lamba Bakwai

Shekara tara na yi ina mataimakiyar koci a ƙungiyar golf ta 'yan mata a wata jami'a da ke gabashin Landan. Ni ce mai tuƙa bas, ni ce mai tsintar ƙwallaye a cikin ruwan sama, ni ce mai rarrashin wadda saurayi ya yaudara ana gobe gasa. In kuwa an ci kofi, sai ka sha wuya kafin ka gano ni a hoton, can gefe, rabin fuska. Sunana Chundung Dung, 'yar Jos ce ni. A filin Rayfield na koyi wasan nan, a hannun babana da ya tsufa yana ɗaukar wa manya jakar sanduna.

A watan Maris babbar kocinmu, Damaris, ta kira ni ofis ta ce za ta ajiye aiki a watan Yuni, kuma sunana ta miƙa a ba ni kujerar. Abu ɗaya ta roƙe ni, in riƙe zuciyata na wata uku. Ta san hali, don a gabanta na taɓa karya sanda a gwiwata saboda wani alƙalin wasa ya raina mana wayo. Na yi mata alkawari. Ina son kujerar nan, ba zan ɓoye ba, ina son ta har cikin raina.

A cikin yaranmu takwas babu kamar Sharon. Shekararta ashirin da ɗaya, a Dagenham, nan gabashin Landan, aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Babanta, Baba Mordecai, direban tasi ne kuma dattijo a cocinmu. Tare suka yi ɗaukar jaka da babana a Jos, saboda haka ni 'ya ce a wurinsa. Bai taɓa fashin gasa ba. Yana biye da Sharon daga ramin farko har na sha takwas, hannu a baya, fuska cike da murmushi, yana yi mata magana da Hausa ƙasa-ƙasa. In Damaris ta tambaye ni me yake cewa, sai in ce ƙarfafa mata gwiwa yake yi. Alhali cewa yake yi ta sake bugu irin wannan, su je gida ta gani.

Ɗan golf a hannu ɗaya yake sa safa, kuma in ya matso kusa da rami yakan cire ta don ya ji sandar a tafinsa. Sharon ba ta cirewa. Tun shekararta ta farko na lura, na ɗauka tsirfa ce irin ta yara. Wata rana a ɗakin sauya kaya na hango hannun ta madubi, ita ba ta gan ni ba. Bayan hannun ya kumbura, ga layuka baƙi-baƙi a jere. Na san shatin nan, na jikin sanda ne, don ni ma na taɓa kwana da shi.

Ƙa'idar aikina a fili take: abin da ka gani irin wannan, a ranar za ka rubuta ka kai ofis. Duk shekara sai an zaunar da mu an maimaita mana, mun sa hannu. Ni kuwa sai na jira Lahadi, bayan an tashi daga sujada na bi Baba Mordecai gida, lokacin Sharon tana makaranta. Na durƙusa na ce a yi haƙuri, a sassauta mata. Ya yi dariya ya ce ai haka babana ya yi min, ga shi yau Turawa suna kira na koci. Matarsa ta zubo min gwate, na sha na yi godiya na tafi. Ta yaya zan kai dattijon cocinmu ƙara ofishin Turawa? Ga ƙannen Sharon biyu a gida, kowa a Dagenham ya san hukuma raba yara da iyayensu take yi in magana irin wannan ta fita. Na kira abin da na yi rufin asiri, na ci gaba da yi wa Damaris tafinta.

Ranar da abin ya faru Laraba ce a watan Afrilu, a wani fili da ke bayan gari. Gasar share fage ce, mutum shida na farko za su wuce gasar ƙasa, kuma a golf mai ƙarancin bugu shi ne a gaba. A rami na sha shida ƙwallon Sharon ta faɗa gindin wata bishiya. Ta sunkuya ta ɗauke wani ɗan tsinke, ƙwallon ta motsa, motsin bai fi faɗin yatsa ba. Doka ta ce a ƙara mata bugu ɗaya, amma babu alƙali a wurin, abokiyar wasanta ma tana can nesa. Sharon ta kira ta, ta gaya mata, aka rubuta. Haka wasan yake, kai kake hukunta kanka, kuma ni na koya mata. Da aka tashi ta zo ta bakwai, da bugu ɗaya tak.

Na rungume ta, na ce ban taɓa alfahari da ɗaliba haka ba. Baba Mordecai ya gaisa da Damaris yana murmushi, ya saɓa jakar, ya ce su je mota.

Ina loda kaya a bas na ji ƙarar. Kamar ana dukan katifa, sau ɗaya, sai shiru, sai kuma wani. Daga bayan shingen ciyayi take fitowa. Akwai sandar golf mai kan ƙarfe, mai lamba bakwai, a hannuna, wata yarinya ta manta da ita a ƙasa, da ita na zagaya.

But ɗin bayan motar Baba Mordecai a buɗe yake. Ya dafe hannun Sharon na hagu a bakin ƙarfen, yana riƙe da sanda ta tsakiyarta yana sauke mata kan sandar na ƙarfe a bayan hannu. Ba ta kuka. Ta kawar da kai ta runtse ido, irin na wanda ya saba. Ina tsaye ya sauke na uku, na ji ƙashi ya ce ƙas. Sai a lokacin ta yi ƙara, amma bai saki hannun ba.

"Baba, ya isa," na ce.

"Koma wajen bas ɗinki, Chundung. Tsakanina da 'yata ne. Shekara sha biyar ina night shift, ina kwana tuƙi saboda wasan nan, ta zubar min da shi a kan tsinke."

Ya sake ɗaga sandar.

Ba zan ce ban san abin da na yi ba. Na gyara tsayuwa, na juya kafaɗa, na sauke da dukan nauyina, daidai yadda nake koya wa yara. Kan sandar ya same shi a ƙasan gwiwar hannu. Hannun ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa, ƙashi ya ɓullo ta cikin rigar sanyinsa. Sandarsa ta faɗi. A nan ya kamata in tsaya, amma zuciya ta riga ta ɗebe ni. Na ƙara masa a gwiwar ƙafa. Ya kife, bakinsa ya daki ƙarfen motar, jini ya wanke masa gemu, haƙori ɗaya ya yi tsalle ya faɗi kusa da takalmina. Yana kiran sunan babana. Na ɗaga sandar karo na uku, kansa nake kallo, sai Damaris ta rungumo ni ta baya muka zube tare. Da ta makara da daƙiƙa biyu, da yanzu daga kurkuku nake ba da labarin nan.

'Yan sanda suka tafi da ni, motar asibiti ta tafi da su. Kyamarar wurin ajiye motoci ta ɗauki komai, ita ta cece ni daga kotu, aka ja min kunne aka sake ni. Baba Mordecai ya ƙi ce wa kowa uffan. A coci kuwa aka daina amsa gaisuwata, wai na daki uba. Ƙashi uku ne suka karye a hannun Sharon, aka sa mata waya a ciki, likita ya ce bai yi alkawarin za ta sake damƙe sanda ba.

A watan Mayu jami'a ta kafa kwamitin mutum uku. Damaris ta zo, Sharon ma ta zo ba da shaida, hannu a naɗe an rataye mata a wuya. Tun daga yadda suka ba ni kujera na gane suna tare da ni. Shugabar kwamitin ta ce dukan da na yi masa na biyu kuskure ne, amma ta fahimci halin da na shiga, gargaɗi a rubuce zai wadatar. Damaris ta taɓa min ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Aikin yana nan ke nan.

Shugabar tana tattara takardu ta ce saura tambaya ɗaya ta cika fom. Kafin ranar, na taɓa ganin wata alama?

Babu wanda zai ƙaryata ni. Damaris ba ta jin Hausa, Sharon ba ta san na gani ba, dattijon kuma ya kulle bakinsa. A'a kawai zan ce. Na buɗe baki, idona ya sauka a kan yatsun Sharon da suka leƙo daga bandejin, sun kumbura sun yi shuɗi.

"Shekara biyu ke nan da na sani," na ce.

Shugabar ta ajiye biro. Na faɗa musu madubin, da zuwana gidansa, da abin da yake faɗa a fili ina juya shi. Damaris ta janye kujerarta daga kusa da ni. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na fi son a ce duka ne.

A baranda Sharon ta tare ni. A karo na farko tun da na san ta, da Hausa ta yi min magana, tana jan kalmomin ɗaya-ɗaya.

"Anti, kin sani?"

"Na sani."

"Ni kuma ina ta ɓoyewa don kada ki ji kunyata."

Ta juya ta sauka bene, tana tallafe da hannun. Takardar sallama ta iso ranar Alhamis. Layi huɗu ce, kuma ko sau ɗaya ba a ambaci dukan da na yi a cikinta ba.