Ɓerayen Abby

Ngo Olive ta zo garin Laurel na Amurka daga Jos don ta huta a gidan ɗanta Davou, sai ta tarar jikarta Abby na kiwon ɓeraye biyu a falo, Koko da Lulu. Wanda ya sayar musu ya ce duk mata ne. Ita kuwa Ngo tun tana yarinya take bin ɓera da muciya, don haka ko kallon kejin ba ta yi. In za ta wuce ma sai ta tattare zanenta.

Wata safiya kowa ya fita, tana shan shayi, ta ji wani siririn kuka. Ta leƙa daga nesa. Ga wasu 'yan abubuwa jajaye, ba gashi, ido a rufe, suna motsi ƙarƙashin Lulu. Nan take ta kira surukarta Irene a asibitin da take aikin jinya.

"Irene, matan nan naku sun haihu."

Irene ta yi dariya har ta ƙware. "Mama, don Allah ki cire Koko yanzu. In namiji ne, yau ɗin nan zai iya sake yi mata ciki."

"Ni? Da hannuna?"

"Ba kowa a gida sai ke, Mama."

Ngo ta sa safar wanke-wanke, ta yi gajeriyar addu'a, ta kamo Koko. Ta zaci zai cije ta, sai ya lafe a tafinta, zuciyarsa na bugawa da sauri. Ta juya shi. A gindin wutsiya ga maraina nan manya, ko makaho zai shaida.

"Haba bawan Allah," in ji ta, "kai ne ake ce wa mace?"

Likitar dabbobi ta ce lallai a raba maza da mata cikin 'ya'yan kafin su kai sati biyar. A jarirai, in ji ta, tazarar da ke tsakanin al'aura da dubura ta fi tsawo a namiji. Davou da Irene ba su da lokaci, sai aikin ya faɗo kan kaka da jika. Ngo ta sa tabarau ta duba, ta sake dubawa, duk iri ɗaya suka zame mata.

Da suka shiga sati na biyu, gashi ya fara tsiro, Abby ta ɗago ɗaya ta yi ihu. A kan cikinsa akwai ɗigo-ɗigo jere biyu. Yarinyar tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Ranar dai zumuɗi ya sa ta ƙoƙarta.

"Kaka, wannan yana da... abin shan madara."

"Nono, ƙawata. Kuma tana da shi za ki ce."

"Tana da nono! Mace!"

Mazan ba su da shi ko kaɗan. Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya, Abby na faɗa da Hausa, Ngo na gyara mata. Wani ɗan toka-toka ne kawai ya gagare su, gashinsa ya riga ya rufe cikin. Abby ta ce mace ce, tunda ya fi kowa ƙanƙanta, Ngo ta yarda.

Wajen sati na huɗu, Ngo na zaune kusa da hitar ɗumama ɗaki, ɗan tokan ya hau cinyarta ya yi barci. Ɗumi ya ratsa shi, jikinsa ya saki, sai ga abin da yake ɓoyewa ya sauko.

"Abby! Zo ki ga munafuki!"

Suka mai da shi wurin ubansa Koko, suna dariya har da hawaye.

Da lokacin bayar da su ya yi, 'yan cocinsu na garin Landover suka ɗauka bibbiyu, maza da maza, mata da mata, aka bar wa Lulu 'yarta guda. Davou ya miƙa hannu zai ɗauki ɗan tokan, Ngo ta tare shi.

"Bar mini Choji."

Davou ya tsaya cak. Sunan marigayi babansa ke nan.

"Mama, ɓera?"

"Dube shi mana. Ya ci ya ƙoshi, ya nemi wuri mai ɗumi kusa da ni ya kwanta, bai ce wa kowa komai ba. Wa ka sani haka?"

Davou ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa yatsa ya shafa bayan kunnensa a hankali.