Awon Ranar Asabar

Ina shanya zannuwan gado a bayan masaukin da nake aikin wanki aka ce ana nemana a bakin ƙofa. Tun kafin in ƙarasa na ji ƙarar sanda a kan siminti, sai jan ƙafa, sanda, sai jan ƙafa. Mutum ɗaya na sani mai wannan tafiyar. Mai Sabulu ce, matar da ƙanwata ta bar gidana ta koma wurinta wata bakwai kafin wannan rana.

Ta jingina da bango, gumi ya jiƙa mata wuya. Ta ce, "Yaya, Auta ta cika ɗazu da hantsi."

Ba kuka ne ya fara zuwa min ba. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka aka yi. Cewa na yi a raina, wa ya ba ta izinin ce min Yaya? Wa ya ba ta izinin kiran ƙanwata Auta, sunan da uwarmu ta sa mata? Sai daga baya na zauna a ƙasa da jiƙaƙƙen zane a hannu.

Auta tela ce. Hannunta yana da kyau, ba ta taɓa ɓata wa mace yadi ba. Tundurmi ya fara mata da zazzaɓi, ƙafar dama ta kumbura ta sace, ta kumbura ta sace, har wata shekara ta ƙi sacewa. Ita ce ƙafar da take taka keken ɗinki da ita. Fatar ta yi kauri, ta yi ninki-ninki a idon sawu, takalmi ya daina shiga. Masu kawo ɗinki suka koma miƙo yadi daga bakin ƙofa. Wata ma ta tambaye ta ko abin yana bin zare. Mijinta ya yi haƙurin shekara biyu, ya gaji. Nawa mijin ya rasu, yarana sun kama gabansu, sai na je na kwaso ta ita da kekenta.

Shekara tara ina wanke ƙafar nan safe da yamma, yadda wata nas ta asibiti ta koya min. Ruwa mai tsabta, sabulu, a bi tsakanin yatsu, a bi cikin kowane ninki, a tsane da tsumma mai laushi har sai babu lema, a shafa mai, a ɗora ta a kan matashi. Na san ƙafar nan fiye da yadda na san fuskata.

Amma ba ƙafar ce ta fi ba ni wahala ba. Auta takan juya wa bango fuska kwana huɗu, kwana biyar. In kai abinci, in dawo in ɗauke shi yadda na ajiye. Ta kifa madubin ɗakin. In aka yi sallama sai ta ja bargo ta rufe har ƙugu, ko da ana tsananin zafi. Wata safiya ina tsane mata yatsu ta ce da ma ba ta farka ba, da kowa ya huta. Nas ta ce wannan shi ne ciwon damuwa, ciwo ne shi ma, kuma yana yawan kama masu irin lalurarta. Ni ban yi karatu mai nisa ba. Na ɗauka idan ƙafa ta ragu, zuciya za ta saki.

Shi ya sa na ƙirƙiro awon Asabar. Duk Asabar in ɗauko tef ɗinta na ɗinki, in zagaya shi a ƙwaurinta. Nakan ja shi kaɗan, ya nutse a cikin fata, in ce, Auta, ya ragu. Ta ce to, madalla. Kullum da safe kuma in ɗiga wa keken mai, in juya masa hannu sau ɗaya don kada ya yi tsatsa, ina cewa nan gaba kaɗan mai shi za ta dawo.

A shekara ta tara nas ta haɗa masu ciwon a wata rumfa da ke bayan asibiti, duk Laraba, kowa da bahonsa, su wanke ƙafafu tare. Da kyar na lallaɓa Auta ta je. Na zauna a benci daga waje ina jira. Can sai na ji dariyar Auta. Na ɗauka kunnena ne, don na fi shekara huɗu ban ji ta ba. Na leƙa. Ga wata ƙatuwar mata ta ɗage zane har gwiwa, ƙafafunta duka biyun kamar turame, tana ce wa Auta tata ai jaririya ce, ta zo ta gaida iyayenta. Wai ta hagun sunanta Maigida, don ita ke yanke inda za a je da inda ba za a je ba. Auta ta ce to ita tata Suruka ce, ta zo kwana biyu ta ƙi tafiya. Suka yi ta dariya har ruwan baho yana zuba. Matar nan ita ce Mai Sabulu, sana'arta yin sabulu.

Da ni na faɗi rabin wannan maganar, da sai ta yi kwana uku ba ta kalle ni ba.

A hanya na tambaye ta me ya ba ta dariya haka. Ta ce, "Ba za ki gane ba, Yaya."

Maganar nan ta zauna min a ƙirji. Ni da na wanke, na tsane, na kwashe amai ranar zazzaɓi, ni ce ba zan gane ba. Wadda aka haɗu da ita yau a rumfa ita ce ta gane. Duk Laraba Auta takan tashi da wuri, ta ɗaura ɗankwali mai kyau. Ranar Alhamis ta sake juya wa bango fuska, ta bar min bayanta. Dariya ta Mai Sabulu, shiru nawa. Akwai ranar da ina wanka na kalli ƙafafuna lafiyayyu na ji haushinsu. Allah ya yafe min.

Wata Lahadi Mai Sabulu ta zo gidanmu, ta jawo ƙafafun nan tun daga tasha, da sabulu sanda biyu a leda. Na tare ta a ƙofa na ce Auta tana barci, kuma likita ya hana a dame ta. Ko ruwa ban ba ta ba. Ta kalle ni, ta miƙo sabulun, ta juya. Na manta cewa ana jin sandarta daga cikin ɗaki.

Auta ba ta ce komai ba sai da Asabar ta zagayo. Na zagaya tef, na ja, na buɗe baki ke nan ta riga ni.

"Yaya, ni tela ce. Sassauta."

Na ce ban ja ba.

"Shekara nawa ina auna ƙugun mata masu riƙe numfashi? Tun Asabar ta farko na sani."

Ta karɓi tef ɗin, ta sunkuya ta auna da kanta, ta faɗi lambar. Ta ƙaru da inci biyu a kan wadda muka fara da ita. Ta naɗe tef ɗin ta cusa a jakarta. Bayan kwana uku ta ce min za ta koma ɗakin Mai Sabulu, ta riƙa taya ta yankan sabulu da naɗewa. Ba ta ɗaga murya ba, har godiya ta yi min. Na ce ta gaida ƙawar tata, ta ga ko ita za ta iya abin da na yi. Keken ta bar shi.

Wata bakwai ban taka ɗakin nan ba. Sau biyu na kai bakin layinsu na juyo. Jira nake ta dawo ta ce ba a iya wanke mata ba.

Bayan an kai ta makwanci na je kwashe kayanta. Ɗaki ne ɗan ƙarami, katifa biyu, baho biyu a kife, sandunan sabulu jere a kan katako suna bushewa. Ga tef ɗin an ɗaure labulen taga da shi. Na zauna a gefen katifarta na tambayi Mai Sabulu, ba tare da na kalle ta ba, ko kullum haka suke dariya a nan.

Ta ce kada in zata biki suke yi. Akwai lokacin da Auta ta yi kwana tara ba ta ce uffan ba. Na tambaye ta me ta yi mata. Ta ce ba komai, ita ma kwanciya ta yi a nata gefen, don ita ma abin yana zuwa mata. In Auta ta ce ta gaji da duniya, sai ta ce ita ma haka, su sha shayi, in Laraba ta yi su je su gaya wa nas. Ba ta taɓa ce mata za ta warke ba.

Na ce, "Ni fa? Me take cewa a kaina?"

"Ta ce a gidanki dole ta riƙa warkewa duk Asabar, kuma ta gaji. Ta ce duk ran da kika ce ya ragu, ke take tausaya wa." Ta murza kan sandarta. "Kullum kuma sai ta yi min gori da hannunki. Wai ni wanke-wanken kwano nake yi, Yayarta ce ta iya tsane ƙafa. Gaskiyarta ce, ba na iya sunkuyawa sosai."

Ashe tsakanin yatsun ne ya tsage, ya yi ruwa, zazzaɓin ya shiga ta nan. Na san wurin, tsakanin na uku da na huɗu, inda tsumma ba ya shiga sai an naɗe shi siriri. Mai Sabulu ta ce tun da ta ga wurin ya fara fari ta so ta aiko min. Auta ta ce a bari, Yaya ta san hanya, in ta huce za ta zo.

Na zo ɗakin nan da maganar da zan gasa mata, na tafi ban faɗa ba. Nas ta ce min ba wanda zai iya cewa da na je da ba haka ba. Na ji ta. Da zan fita na kai hannu zan kwance tef ɗin, Mai Sabulu ta ce in da hali in bar mata shi. Na bar mata.

Ba zan ce kishin ya tafi ba. Wani lokaci ina guga sai in tuna cewa ita ce ta ji dariyar Auta ta ƙarshe, kuma hannunta Auta ta riƙe da hantsin nan, sai in ajiye dutsen gugar. Takan aiko min da sabulu. Ina amfani da shi, yana kumfa sosai, wannan ma yana ba ni haushi.

Keken yana nan a kusurwa. An taya shi sau biyu, na ce ba na sayarwa ba ne. Kullum kafin in fita aiki nakan ɗage zanen da na rufe shi da shi, in ɗiga mai, in juya hannun sau ɗaya. Na dai daina cewa mai shi za ta dawo.