Irin Inna Daga Ɗan Isa

Arzika ya sake gyara zama a kan wata tsohuwar tayar babbar mota da aka yar kusa da shingen kan iyaka a Magama, yana kallon motocin da ke fitowa daga wajen garin Ɗan Isa na Nijar. Tun hantsi yake nan. Mai shayi ya yi masa tayi har ya gaji, 'yan dako sun tambaye shi ko akwai kaya, kai kawai ya girgiza. Ba yunwa yake ji ba, ba ƙishi ba. Tun da shinkafarsa ta mutu, ko magana aka yi masa sai ya ji ta kamar daga bayan bango.

Mutuwar kuwa ta ban takaici ce. Gona ta yi kore shar, ta fid da kai, sai ga ɗigo-ɗigo a ganye. Kafin ka ce me, wuyan zangarniya ya yi baƙi, kai ya tsaya fari fat, ka murza ba ƙwaya sai ƙaiƙayi. Ba shi kaɗai ba. Duk maƙwabtansa na Farfaru iri ɗaya suka shuka, sabon nan dogo da masu injin casa ke so, kuma tare suka kwanta. Malamin gona ya zo ya duba, ya ce kowane iri da cutar da yake iya jurewa, su kuwa nasu duk 'yan gida ɗaya ne, in ta kayar da ɗaya ta kayar da duka. Ya ce wanda ya maimaita shi a noman rani, kada ya zo masa da kuka.

Ga shi an kusa sakin ruwan dam. In Arzika bai zuba iri a wannan makon ba, rani ya wuce shi, gidansa kuma ba abin da zai kai su damina.

Shi ya sa ya tuna da irin mahaifiyarsu. Inna shinkafa uku take zubawa a tulu ɗaya: fara, da ja mai duhun ɓawo, da wata mai gashi a baki. Shekarar da wannan cuta ta shiga fadamarta, yana saurayi, farar ce ta ƙone ƙurmus, ja da mai gashi suka tsaya, gida ya ci. Amma Arzika ya tsani gaurayen nan, kwamacala yake ce masa. Ba sa nuna tare, masu saye kuma sai sun yatsina fuska. Da Inna ta rasu, ya riƙa zaunar da ƙanwarsa Hasiya da faifai tana tsince masa farar, in ya ga ja guda ɗaya faɗa har maƙwabta su ji. Daga baya ma ya watsar da irin gaba ɗaya. Hasiya ce ta tafi gidan aure a Nijar da kwano guda, ta ci gaba da shuka shi yadda Inna ta bari.

Da ya kira ta a waya, abin da ya ce kawai shi ne, “Ki kawo mini irin Inna.” Bai ce gonarsa ta mutu ba. Babban wa ne, bakin ya ƙi furtawa. Ta ce dangin mijinta sun sayar da fadamar da take nomawa, girbinta na ƙarshe ne ya rage a ɗaka, amma duka za ta kawo masa.

Bayan azahar wata ƙaramar mota da aka lafta wa kaya ta tsaya a ɗaya gefen. Hasiya ta fito tana kakkaɓe mayafi, ɗan dako na biye da rabin buhu a kai. Wani ma'aikacin kwastan ya latsa buhun, ya ji shanshera ce mai ɓawonta, ba 'yar waje ba, ya yi musu hannu su wuce.

“Yaya! Kai, ka rame. Mi ya same ka?”

“Ba komai. Kun zo lafiya? Ya yara?”

“Lafiya lau, suna gaishe ka. Ina uwargida Salmatu, ta warke da ƙafar?”

“Da sauƙi.”

Ta ce ba za ta ƙarasa Farfaru ba, da motar nan za ta koma, direba ya ce yana sauke kaya zai juya. Ta durƙusa ta kwance wani ƙulli, sai ga kwanon samira da ɗuminsa. Dafa-duka ce ta jar shinkafa, da daddawa da busasshen kifi.

“Ci tukuna, Yaya. Na san ba ka karya ba.”

Ya wanke hannu ya fara ci. A loma ta farko ya gane ɗanɗanon, irin wanda ke tashi daga tukunyar Inna da rana. Ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa, bai ji ba. Ya dai ci gaba da tauna, ita kuma tana ta zuba: jandarmomi sun tsare su a hanya, tayar mota ta yi faci, tsadar gero a Maraɗi sai addu'a.

“Buɗe ka gani mana,” ta ce, tana murmushi. “Wallahi idanuna har yanzu yaji suke.”

Ya goge hannu a gefen riga, ya kwance bakin buhun. Shanshera ce tsaf, fara sol, kai ɗaya. Ya dumbuzo, ya baza a tafi. Ya tura hannu har gwiwar hannu ya ɗebo ta ƙasa. Ita ma haka.

“Hasiya, ina jar? Ina mai gashin?”

Ta yi dariya. “Haba Yaya, ni zan kawo maka kwamacala? Na manta faɗanka ne? Tun ranar da ka kira muka zauna ni da yara, kowa da faifansa, sai da muka tsince ta tas. Hauwa'u har kuka ta yi, wai bayanta.”

“Tsintar fa? Tana ina?”

“Ai ba na zubar da abin Inna ba. Na turara, na surfe, muka yi ta ci. Sauran ke nan na dafo maka.” Ta nuna kwanon da haɓa.

Arzika ya dubi kwanon. Saura loma kaɗan a gefe, da kan kifi. Ya koma kan buhun, yana ɗebowa yana bazawa, yana ture ƙwaya da ɗan yatsa, ko Allah zai sa ɗaya ta kuɓuce musu. Ina! Aikin Hasiya ba ya da gyara. Shi ya koya mata.

Direban ya fara danna oda daga can. Hasiya ta miƙe, amma ganin yadda yake tonon buhun sai fuskarta ta canza, ta koma irin ta yarinyar nan mai faifai a tsakar gida.

“Yaya, ka ga wata ne? Ban tsince da kyau ba?”

Ya ɗago ya dube ta. Idanunta sun yi ja, ga ƙaiƙayi maƙale a bakin mayafinta.

“Kin tsince,” ya ce. “Ko ɗaya ba ki bari ba. Allah ya yi miki albarka.”

Ta sauke ajiyar zuciya, fuska ta washe. “Amin, Yaya. To cinye maza, kwanon nake jira.”

Ya jawo kwanon, ya tattara jar shinkafar da ta rage wuri ɗaya, ya cinye, ya miƙa mata.